Hanyar Mai Raba Wasiƙu

Kakana Eleuterio ya ce in ɗaura takalmi,
ba na zuwa coci ba, mai taurin nan.
Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu
a tuddan Valparaiso.
"Zuwa da kai ya fi aike," in ji shi,
shi da aike ya ciyar har ya yi furfura.

Muka fara daga bakin teku.
"Kin ga inda kwantenoni suka yi tsibi?
Nan maza ke jeruwa tun asuba,
ana zaɓensu kamar tumatir a faranti,
wannan ya shiga, wancan ya koma gida.
Kafaɗa ce ta goyi garin nan
kafin ƙugiyar ƙarfe ta karɓe goyon."

Matakala ɗari da sittin da biyu.
Ni na ƙirga. Shi bai ƙirga ba,
gwiwarsa ta haddace tun ban zo duniya ba.
A ta saba'in ya tsaya, wai iska yake sha,
amma ƙofa yake kallo,
shuɗiya, ta kwano, tsatsa ta cinye gindinta.

"Gidan Herminia Tapia.
Wanki take yi wa matuƙan jirgi a kwazazzabon can.
Ɗanta soja suka ɗauke, shekarar da suka karɓi mulki.
Kullum na ɓullo tana bakin ƙofa.
Ba ta tambaya, ni ma ba na cewa babu.
Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa da ido,
takardar kuɗin wuta kaɗai na taɓa miƙa mata."

Yau kofi ake sayarwa a gidan.
Baƙi na ɗaukar hoton zanen bango,
wani ƙaton kifi mai idon mutum.
Mun sha kofin. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

A makaranta an ba ni sunayen janar-janar
da ranakun yaƙin teku, na kuma ci jarrabawa.
Ba wanda ya nuna mini tsagar nan a bango,
inda girgizar ƙasa ta raba ɗaki biyu
aka haifi tagwaye a tsakar titi,
ko famfon da mata suka yi wata uku suna zanga-zanga
kafin ya ɗiga.
Har yanzu yana ɗiga. Wani kare na lasa.

Can sama, inda motar haya ke juyawa,
fili ne, toka da ciyawa, gobara ta wuce ta nan.
Ya ce gidan burodi ne.
"Lokacin yajin aiki, mai shi ya ba da bashi
har littafinsa ya cika,
sai ya jefa littafin a tanda.
Sunansa…"
Ya dafa goshi.
"Sunansa…"

Iska ta taso daga teku ta kaɗa shanyar mutane.
Na ga tsoro a fuskar mutumin
da bai taɓa ɓatar da ambulan ɗaya ba.
Na ce mu koma, rana ta yi sanyi.

Saukowa ta fi hawa wuya.
Yana riƙe da ƙarfe, ina riƙe da shi,
ba mai cewa uffan.
Muka wuce famfo, muka wuce tsaga,
muka wuce shuɗiyar ƙofa an fara kwashe kujeru.
Saura taki tara mu kai ƙasa
ya tsaya cak, ya buga sandarsa:
"Baldomero! Baldomero Olguin! Lamba arba'in da ɗaya!"
Tattabaru suka watse.
Wata mata ta leƙo ta taga.

Ba ni da takarda.
Na ari biro wurin mai sayar da jarida
na rubuta a tafin hannuna,
na tafi gida da hannun a buɗe
don kada gumi ya goge.